Kwashe Hotuna Daga Kyamara Ko Waya Zuwa Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Ɗalibi Mai Bincike Ya Sani

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yau a sami ɗalibin Hausa da zai fita neman bayanai don rubuta kundinsa na kammala karatu ba tare da ya ɗauko hotuna ba. Wanda yake nazarin rubutun ajami yakan ɗauki shafukan tsofaffin takardu a zauren wani malami, wanda yake nazarin sana'o'i yakan ɗauki marina da maƙera da majema a bakin aikinsu, wanda kuwa yake bin kirarin da ake rubutawa a jikin manyan motoci yakan yini a tasha yana ɗaukar abin da ya gani. Galibin waɗannan hotuna da waya ake ɗaukarsu, kuma a cikin wayar suke zama har ranar da za a neme su. To, a nan ne matsala take. Waya abu ce da ake yawo da ita a aljihu, tana faɗuwa, tana shiga ruwa, tana lalacewa, ana kuma ƙwace ta. Idan ta tafi, sai ta tafi da aikin wata da watanni, wani lokaci ma da hoton abin da ba za a sake samun damar ɗauka ba, domin mai yiwuwa ne dattijon da ya buɗe adakarsa ya nuna takardun ya riga mu gidan gaskiya, magada kuma sun rarraba abin da ya bari.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda ake kwashe hotuna daga kyamara ko waya a zuba su cikin kwamfuta, da hanyoyin da ake bi, da amfanin kowace hanya da aibinta, da kuma kurakuran da suka fi jawo hasara. Amma kafin a kai ga wannan, ya kamata a fahimci abin da hoton zamani yake, domin wanda bai san abin da ya ɗauko ba, ba zai san yadda zai sauke shi ba.

2.0 Daga Fim Zuwa Lambobi

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda har yanzu yake nan, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen shekarar 1826. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre, a 1888 kuma George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ta sa ɗaukar hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun jama'a. Tun daga wancan lokaci har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, hoto abu ne da ake iya taɓawa. Haske yakan faɗa a kan fim, a kai fim ɗin ɗaki mai duhu a wanke shi da magunguna, sa'an nan a fitar da hoton a kan takarda. Daga nan ne Hausa ta sami kalmar wanke hoto, wadda har yau ake amfani da ita, ko da yake yanzu babu ruwan da ake tsoma wani abu a ciki.

Canji ya faro ne a 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani ɗan faifai mai juya haske ya koma lantarki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamara ta farko mai aiki da lambobi. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Wayoyi masu kyamara sun fara shiga kasuwa a Japan a 1999 da 2000, gab da a fara amfani da layukan wayar salula na zamani a Nijeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru kaɗan fim ya ja da baya, har shi kansa kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, mai hoton da yakan ajiye fim ɗin da ya wanke a cikin ambulan, ko bayan shekara talatin zai iya sake fitar da hoto daga gare shi. Hoton zamani ba shi da irin wannan asali da za a koma wa. Asalinsa shi ne fayil ɗin da na'ura ta rubuta, kuma idan fayil ɗin ya ɓace ba tare da an yi masa kwafi ba, shi ke nan.

3.0 Yadda Hoto Yake Zaune Cikin Na'ura

Hoton zamani tarin ɗige-ɗige ne ƙanana waɗanda aka jera layi-layi, kamar yadda masaƙi yake jera zare har zane ya fito. Kowane ɗigo yana da lambobi uku da suke nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikinsa. Idan aka ce kyamarar waya tana da megafiksel 12, ana nufin hotonta yana da ɗigo miliyan 12, watau misalin ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Da za a rubuta lambobin nan duka yadda suke, hoto ɗaya zai ci kimanin megabayit 36. Saboda haka sai aka samo dabarar matse hoto, wadda mafi shahararta ita ce JPEG da aka tsayar da ƙa'idarta a 1992. Wannan dabara takan zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su, sai hoton ya koma megabayit uku zuwa biyar. Da wannan lissafi, katin da yake ɗaukar gigabayit 32 zai iya cin hotuna wajen 8,000.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye game da wannan matsewa. Na farko, abin da aka zubar ba ya dawowa. Na biyu, duk lokacin da aka sake matse hoton da aka riga aka matse, sai ya ƙara raguwa. Kwafin fayil daga wuri zuwa wuri ba ya rage masa kome, ko da sau dubu aka yi, amma buɗe shi a gyara a sake ajiyewa, ko tura shi ta manhajar da take matse hotuna, yana rage shi.

Ban da ɗige-ɗigen, kowane fayil yana ɗauke da wani ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, wanda ya ƙunshi ranar da aka ɗauki hoton da sa'a da irin na'urar, wani lokaci har da daidai wurin da mai ɗauka yake tsaye. Ga mai bincike wannan bayani shaida ce, domin da shi zai tabbatar da ranar da ya ziyarci wuri ko da littafinsa na rubutu ya ɓace. Don haka ya kamata a daidaita agogon kyamara kafin a fita aiki.

Game da wurin zaman hotunan kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Japan suka amince da tsari ɗaya, wanda ya sa kusan kowace kyamara da kowace waya take zuba hotunanta cikin wata folda mai suna DCIM. Wanda ya san wannan suna ya san ƙofar da zai nufa a kowace na'ura. Sai dai a lura, hotunan da aka turo wa mutum ta WhatsApp da waɗanda ya sauko da su daga intanet ba a nan suke zama ba, suna da nasu foldoji dabam. Sau da yawa akan kwashe DCIM a ɗauka an gama, alhali rabin kayan yana baya.

4.0 Hanyoyin Kwashewa

4.1 Hanyar Igiya

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, kuma ba ta bukatar intanet. Ana haɗa waya ko kyamara da kwamfuta da igiyar USB, irin wadda aka fara amfani da ita a 1996, wadda kuma bakinta ya sha canzawa har ya kai ga USB-C na 2014 da galibin sababbin wayoyi suke da shi.

Idan waya mai Android ce, da an soka igiyar sai ta ɗauka caji kawai ake so, ba za ta nuna wa kwamfuta abin da ke cikinta ba. Sai an buɗe makullin fuskarta, an jawo sanarwar da ke sama, an zaɓi tura fayiloli. A nan ne sunan wayar zai bayyana a cikin jerin ma'ajiyoyin kwamfuta, a shiga, a nemi DCIM, a kwafa. Idan kuwa iPhone ce, za ta tambaya ko an amince da wannan kwamfuta, sai an amsa an kuma sa lambar sirri. Kwamfuta mai Windows tana da manhajar Photos wadda za ta iya jawo hotunan da kanta ta jera su bisa kwanan wata, ita ma Mac tana da Photos da Image Capture. Duk da haka ya fi kyau ɗalibi ya iya kwafa da hannunsa, domin ya san inda kayansa suka sauka.

Matsaloli uku ne aka fi cin karo da su a wannan hanya. Ta farko, akwai igiyoyi masu arha da aka yi su don caji kaɗai, babu zaren da ke ɗaukar bayani a cikinsu. Waya za ta yi ta caji, kwamfuta kuwa ba za ta gan ta ba, mutum ya yi ta zargin na'urarsa alhali laifin igiya ne. Ta biyu, tun daga 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto da wani tsari mai suna HEIC, wanda wasu kwamfutoci ba sa iya buɗewa sai an ƙara musu manhaja. Ana iya saita wayar ta riƙa ɗauka da JPEG, ko ta riƙa juya hoton a lokacin kwashewa. Ta uku, idan an saita waya ta riƙa rage wa kanta kaya, to mai yiwuwa ne cikakken hoton yana can a ma'ajiyar intanet, abin da ke cikin wayar ƙaramin samfuri ne kawai. Sai an sauko da na asalin tukuna kafin a kwashe.

4.2 Hanyar Kati

Galibin kyamarori suna rubuta hotunansu a kan katin SD, wanda kamfanonin Panasonic da SanDisk da Toshiba suka fito da shi a 1999. Ƙaraminsa, wanda aka fi sani da memori a kasuwannin waya, ya biyo baya a 2005. A wannan hanya ana kashe kyamara, a zare katin, a sa shi a ramin da aka yi masa a jikin kwamfuta, ko a cikin ɗan abin karanta kati da ake sokawa a bakin USB. Kwamfuta za ta ɗauke shi kamar filash. Wannan hanya ta fi ta igiya sauri a mafi yawan lokaci, ba ta kuma cin batirin kyamara.

A gefen babban katin akwai wani ɗan makulli da ake turawa ƙasa. Idan an tura shi, za a iya karanta abin da ke ciki amma ba za a iya rubutu ko gogewa ba. Yana da kyau a kulle shi kafin a sa shi a kwamfutar da ba a yarda da ita ba. Haka kuma ba a fizge kati ko filash ana cikin aiki. Sai an umarci kwamfuta ta sake shi, ta kuma nuna ta sake, domin fizgewa a tsakiyar rubutu takan rikita jadawalin da kati yake gane fayilolinsa da shi.

Wajibi ne kuma a yi hattara da jabun kati. Akwai waɗanda aka rubuta musu gigabayit 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Irin wannan kati yakan yi aiki lafiya da farko, amma da ya cika sai sababbin hotuna su riƙa lalacewa ko su hau kan tsofaffi, mai shi bai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa. Arhar da ta wuce hankali ita ce babbar alamarsa. Gwajinsa kuwa shi ne a cika shi da fayiloli tun yana sabo, a duba ko na farko da na ƙarshe duk suna buɗewa.

4.3 Hanyar Da Ba Igiya

Ana iya tura hoto ta Bluetooth, amma tafiyarsa ta hawainiya ce, bai dace da abin da ya wuce hotuna kaɗan ba. Na'urorin Apple suna da AirDrop a tsakaninsu, na Android suna da Quick Share wanda yake aiki har da kwamfuta mai Windows. Akwai kuma manhajoji irin su Xender waɗanda suka yaɗu ƙwarai a tsakanin ɗalibai. Waɗannan duka suna ƙulla zumunci ne kai tsaye tsakanin na'ura da na'ura, ba sa cin data. Aibinsu shi ne idan hotuna suka yi yawa haɗin yakan yanke a tsakiya, ya zama ba a san wanda ya isa da wanda bai isa ba sai an ƙidaya.

4.4 Hanyar Intanet

A wannan hanya waya takan aika da kowane hoto zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani, daga baya a shiga asusun ta kwamfuta a sauko da su. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, wanda hotuna da wasiƙu da sauran takardu suke rabawa, Apple kuma yana ba da gigabayit 5. Amfanin wannan hanya a fili yake: ko da an ƙwace waya a hanyar dawowa daga wurin bincike, hotunan da suka riga suka hau suna nan. Amma tana bukatar data da sabis mai ƙarfi, abin da ba kullum ake samu a ƙauyukan da ake zuwa bincike ba.

Sa'an nan kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Manhajar Google Photos, wadda aka buɗe a 2015, ta yi shekara shida tana karɓar hotuna ba iyaka kyauta, sai a watan Yuni na 2021 aka janye wannan rangwame. Tun daga Disamba 2023 kuma kamfanin yana da ikon goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Bugu da ƙari, wanda ya manta kalmar sirrinsa, layin wayar da ya yi rajista da shi kuma ya ɓace, zai sha wuya kafin ya koma cikin asusunsa. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan waya da ma'ajiyar intanet suna tafiya tare, to hoton da aka goge a cikin manhajar yakan gogu a can ma.

4.5 Tura Wa Kai Ta WhatsApp

Wannan ita ce hanyar da ɗalibai suka fi bi, ita ce kuma mafi illa ga aikin bincike. WhatsApp yakan matse hoton da aka tura, ya rage yawan ɗige-ɗigensa, ya kuma cire ɓoyayyen bayanin nan na rana da wuri. A fuskar waya ba a ganin bambanci. Amma a ɗauki misalin shafin ajami. Bambancin da ke tsakanin wasu baƙaƙe ɗigo ne guda a sama ko a ƙasa, wasula kuma 'yan ƙananan alamomi ne, galibi da jan tawadar da ta riga ta koɗe. Idan aka matse irin wannan hoto, aka zo faɗaɗa shi a kwamfuta don a tantance kalma, sai a tarar ɗigon ya narke cikin dattin takarda, a kasa rarrabe ba da ta, ko fatha da tabon ruwa. Karatun baiti guda yana iya sauyawa saboda wannan. In ya zama dole a bi ta WhatsApp, to a tura hoton a matsayin takarda, watau fayil, domin ta haka yakan isa yadda yake ba ragi.

5.0 Kurakuran Da Suka Fi Jawo Hasara

Babban kuskure shi ne a yanke hotuna daga waya maimakon a kwafe su. Yankewa tana goge na asali yayin da take kai shi sabon wuri, idan kuwa wuta ta ɗauke ko igiya ta motsa a tsakiyar aiki, ana iya rasa wasu nan da can. Ƙa'ida ita ce a kwafa tukuna, sa'an nan a gwada yawan fayilolin da ke wayar da waɗanda suka sauka a kwamfuta, a buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe a ga suna lafiya. Ba a goge kome daga waya ko kati sai kwafi ya zama biyu a wurare dabam-dabam.

Kuskure na biyu ya shafi sunaye. Kyamara takan raɗa wa hotuna suna da lamba, daga 0001 har zuwa 9999, sa'an nan ta koma farko. Wata ma takan koma farko duk lokacin da aka share kati. Idan aka zuba hotunan tafiya biyu cikin folda ɗaya, za a sami masu suna iri ɗaya, kwamfuta ta tambaya ko ta maye gurbin na da. Wanda ya amsa da i cikin gaggawa ya shafe aikin tafiyarsa ta farko da hannunsa.

Na uku shi ne kai kati ko filash shagunan buga takardu, inda kwamfuta ɗaya take karɓar filash ɗin mutum ɗari a yini. Akwai wata cutar kwamfuta da ta yi ƙaurin suna a irin waɗannan wurare, wadda takan ɓoye foldojin mutum ta bar wasu gumaka marasa amfani a madadinsu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kome ya tafi, ya share filash ɗin gaba ɗaya, alhali hotunan suna nan a ɓoye, masani zai iya fito da su cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi shi ne a ware filash guda na zuwa shago, wanda ba a sa masa kome sai kwafin abin da za a buga.

Idan kuwa tsautsayi ya sa an goge hotuna daga kati, abu na farko shi ne a daina amfani da katin nan take. Gogewa ba ta share hoton kansa, sunansa kawai take cirewa daga jadawali, ta ba da izinin a rubuta wani abu a gurbinsa. Muddin ba a ɗauki sababbi a kai ba, manhajoji irin su PhotoRec da Recuva sukan iya dawo da mafi yawansu. A cikin ƙwaƙwalwar waya abin ya fi wuya, domin wayoyin yanzu suna kulle bayanansu da lambobin sirri. Sai dai galibinsu suna da kwandon shara da hoto yake jira a ciki na wani lokaci, a iPhone kwana 30 ne, don haka nan ne wurin dubawa na farko.

6.0 Tsarawa Da Adanawa

Kwashe hotuna rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a iya gano su ranar da ake bukata. Hoto 2,000 masu sunan lambobi a folda ɗaya ba su da maraba da hatsin da aka zuba gero da dawa da maiwa a buhu guda. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kowace fita ta sami foldarta, a fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, sai wuri da abin da aka ɗauka, alal misali 2024-03-15 Zariya marina. Amfanin fara wa da shekara shi ne kwamfuta za ta jera foldojin da kanta bisa yadda aka yi tafiye-tafiyen. A cikin kowace folda a ajiye 'yar takarda mai bayanin wanda aka gana da shi, da abin da kowane rukunin hotuna ya ƙunsa. In littafi ne aka ɗauka, a rubuta sunansa da na mai shi da yawan shafukansa. Wannan aiki a daren da aka dawo ake yinsa, tun abin yana sabo a ka. Haka kuma ba a gyara hoto na asali. In za a yanke gefensa ko a ƙara masa haske, a yi a kan kwafi.

Ita ma kwamfuta ba wurin dogaro ba ce ita kaɗai. Faifanta yana mutuwa, zafi da ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar lantarki suna rage mata kwana, ɓarawon da ya ɗauki waya kuma ba zai bar kwamfuta ba. Kati da filash su ma ba a yi su don doguwar ajiya ba, domin bayanin da ke cikinsu ɗan cajin lantarki ne da aka tsare, wanda yake iya zurarewa in an yi shekaru ba a sa su a na'ura ba. Saboda haka ne masu sana'ar hoto suke bin wata ƙa'ida da wani mai hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata: a mallaki kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. Ga ɗalibi wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan waje ko filash mai kyau da zai ajiye a gida, ba a ɗakin kwanan makaranta ba, da kwafi a ma'ajiyar intanet ko a wurin malamin da ke duba aikinsa.

Wannan ba tsoron banza ba ne, domin manyan cibiyoyi ma abin ya ci su. A watan Janairu na 2013 'yan tawaye suka ƙone kimanin littattafai 4,000 na rubutun hannu a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu, mafi yawan na garin kuwa sun tsira ne domin an riga an kwashe su a ɓoye zuwa Bamako. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihi na ƙasar Barazil da ke Rio de Janeiro, har da muryoyin da aka naɗa na wasu harsunan da masu magana da su sun ƙare. Bayan gobarar sai da aka roƙi jama'ar da suka taɓa ziyartar gidan su aiko da hotunan da suka ɗauka, don a san kamannin abin da aka rasa. Irin wannan tunani ne ya sa Laburaren Biritaniya ya kafa shirinsa na ɗaukar hotunan takardun da ke cikin haɗari a 2004, Jami'ar Boston kuma ta tara hotunan rubuce-rubucen ajami na Afirka, har da na Hausa. Hoton da ɗalibi ya ɗauka a zauren wani malami yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage bayan gara ko ruwan sama ko gobara sun yi aikinsu. Ya dace ke nan a bar kwafi a sashe tare da kundin, in mai takardun ya yarda, ko a wata cibiya irin Gidan Arewa da ke Kaduna.

7.0 Amanar Da Ke Cikin Hoto

Mutumin da ya bari aka ɗauki hotonsa, ko na iyalinsa, ko na takardun kakanninsa, amana ya bayar. Akwai matan aure da suka yarda ɗaliba ta ɗauke su a cikin gida suna kitso ko saƙa domin karatu kawai, akwai masu magani da suka nuna abin da ba sa so ya bazu. Idan aka kwashe irin waɗannan hotuna a kwamfutar shago ko ta aboki, aka tashi ba a goge ba, an saki abin da ba a da ikon saki. A tuna kuma gogewa ba ta cika sai an zubar da kwandon sharar kwamfutar. Haka nan kafin a sa hoto a intanet ya kamata a cire bayanin wurin da ke ɓoye cikinsa, don kada a nuna wa duniya ƙofar gidan mutum ba da saninsa ba. Kafin a sayar da waya ko a kai ta gyara ma, a kwashe abin da ke ciki, a zare katin. Kyakkyawar al'ada ce kuma a wanke wasu hotunan a kai wa masu su, domin wannan yakan buɗe ƙofa ga ɗaliban da za su zo a baya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa hoton zamani lambobi ne da ke zaune cikin fayil, ba shi da wani asali da za a koma wa in fayil ɗin ya salwanta. An kuma duba hanyoyin kwashe shi, inda aka nuna igiya da kati su ne suka fi aminci ga hotuna masu yawa, intanet tana da amfani a matsayin ajiya ta biyu, tura hoto ta WhatsApp kuwa yana rage shi in ba a matsayin fayil aka tura ba. Abin da ake bukata daga ɗalibi bai taka kara ya karya ba: igiya mai kyau, da kati na gaske, da filash guda, da rabin sa'a a daren da ya dawo daga bincike don ya kwafa, ya ƙidaya, ya raɗa suna, ya kuma yi kwafi na biyu kafin ya kwanta. Wanda ya mai da wannan al'adarsa, in wayarsa ta ɓace kuɗin waya kawai ya yi hasara, aikinsa da amanar mutanen da suka karɓe shi suna nan.